Jiragen yaƙi samfurin Téméraire

Téméraire suna ne na wani samfurin jiragen ruwan yaƙi na katako da Faransa ta ƙera, masu tafiya da iska, kowanne da igwa 74. Jacques-Noël Sané ne ya zana shi, aka saka na farko a ruwa a tashar jiragen ruwa ta Brest da ke Faransa a 1782. Daga baya an ƙera fiye da ɗari bisa zane ɗaya, abin da ya sauƙaƙa musayar kayan gyara tsakanin tashoshin jiragen ƙasar.

Tsawonsa ya kusan mita 56, ginshiƙan filafilai uku ne, ma'aikata kuwa wajen 700. A hawan ƙasa ake jera manyan igwa 28, kowace na harba dunƙulen ƙarfe mai nauyin kilo 17 da rabi. Hawan sama na ɗauke da 30 masu harba rabin wannan nauyi, sauran 16 ƙanana suna gaba da baya a fili.

Dabarar duka tana ga tsawon. Jirgi mai hawa biyu na igwa yana bukatar jiki dogo kafin ya ɗauki manyan igwa ba tare da tagogin harbinsa na ƙasa sun matso ruwa ba. Amma katako na da iyaka: in jirgi ya yi tsawo ainun, ruwa na tallafe tsakiyarsa fiye da gaba da baya, sai bakunan su sunkuya, mahaɗan katako su buɗe, ruwa ya fara shiga. Jirgin igwa 74 ya tsaya daidai wurin da ake samun ƙarfin wuta da gudu tare, kuma ya fi masu hawa uku arha nesa ba kusa ba.

Ƙarƙashinsa kan sha fama da tsutsar teku mai cin katako kamar gara, don haka ake lulluɓe shi da fallayen jan ƙarfe. Nan ma da matsala, domin jan ƙarfe a ruwan gishiri yana cinye ƙusoshin baƙin ƙarfe, sai da aka koma ga ƙusoshin jan ƙarfe a sassan da ke cikin ruwa.

Daga saman Redoutable, ɗaya daga cikin jiragen wannan samfurin, aka harbe Nelson, kwamandan rundunar jiragen yaƙin Ingila, a yaƙin teku na Trafalgar a 1805. Ingila ta kama wani jirgin wannan samfurin mai suna Duguay-Trouin a shekarar nan, ta sa masa suna Implacable, ya daɗe a hannunta har 1949, lokacin da aka nutsar da shi da gangan saboda tsadar gyara.