Waiwaye: asalin fatent, da rumbun kyauta da maƙeranmu ba sa leƙawa

Duk wanda ya san Magazin na Suame, unguwar maƙera da makanikai a Kumasi ta Gana, ya san wannan kukan, mutum ya ɓata wata da watanni yana gyara injin niƙa ko na ɓare gyaɗa har Allah ya sa ya zauna daidai, kafin sati biyu sai ka ga irinsa sak a shago na uku daga nasa, wani lokaci ma yaron da ya koya wa walda ne ya kwafa. Daga nan sai 'yan ba da shawara su taso, "masta ka je ka yi fatent mana", sai ka ce tikitin mota ne da ake yanka a Kejetia. Haka masu maganin gargajiya a Aboabo da Asawase, da yawa sun ɗauka lambar hukumar abinci da magunguna da ke jikin kwalba ita ce fatent, alhali waccan izinin sayarwa ce kawai, ba ta hana maƙwabcinka haɗa irin naka.

Fatent ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da gwamnati. Kai ka tona asirin abin da ka ƙera a rubuce, dalla-dalla yadda wani mai sana'ar zai iya karantawa ya yi, ita kuma gwamnati ta ba ka ikon hana kowa ƙerawa ko sayarwa ko shigo da shi na wasu shekaru, in sun ƙare ya zama na kowa. Mu rabin farko ne ke mana nauyi, don mun taso a kan cewa sana'a asiri ce, maigida ma ba ya nuna wa yaronsa komai da komai.

Birnin Venis, a Italiya ta yau, shi ya fara rubuta abin a doka a 1474, kariyar shekara 10. A Ingila kuwa da ɓarna aka fara, sarakuna suna raba wa 'yan fada takardar cewa su kaɗai za su sayar da gishiri ko karta, ba wani abu suka ƙirƙira ba, farashi ya yi ta hawa har majalisa ta taka birki da dokar 1624, ta ce sai sabon abu kawai, shi ma shekara 14. Masana da dama na cewa lissafin zangon koyon sana'a biyu ne, bakwai-bakwai, wato kafin ikon ya ƙare ka yaye yaran shago sahu biyu kuma sana'ar ta zauna a ƙasa. Sai a ƙarni na 18 rubutaccen bayani ya zama dole. Amurka ta yi tata dokar a 1790, kuma fatent na farko da George Washington ya sa wa hannu na wani Samuel Hopkins ne, a kan hanyar fitar da gishirin toka, irin dai wanda iyayenmu mata ke tacewa don sabulun salo.

A 1873 aka shirya baje koli a Viyana, masu ƙirƙira na ƙasashen waje suka noƙe don tsoron a kwafe musu kaya, wannan ne ya kai ga yarjejeniyar Faris ta 1883: in ka shigar a ƙasa ɗaya kana da wata 12 ka shigar a sauran da kwanan watan farko. Daga baya WIPO, hukumar duniya mai kula da haƙƙin masu ƙirƙira, ta zo da mazauni a Janiba, da tsarin PCT na 1970 mai ba ka damar fara nema a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya. Amma a lura, har gobe babu fatent na duniya. Kowace takarda iyakarta iyakar ƙasa ko ƙungiyar ƙasashen da ta bayar, kuma wannan shi ne abin da ya fi amfanarmu.

Mu dawo gida. Dalilin da ya sa kakanninmu ba su san wannan harka ba ba jahilci ba ne, ƙofar ce aka gina ba don su ba. Dokar mulkin mallaka ta 1925 cewa ta yi sai ka samu fatent a Ingila tukuna sannan ka kawo a sake yi masa rajista a nan, wato maƙerin Kumasi sai ya bi ta Landan kafin ƙasarsa ta san da shi. Abin takaicin ma an samu 'yanci a 1957 amma tsarin ya ci gaba a haka har 1992, lokacin gwamnatin soja ta PNDC, sannan Gana ta yi dokar kanta. Wadda ake aiki da ita yanzu ta 2003 ce, mai lamba 657, da gyaran 2016, kuma ofishin Rijistara Janar ne ke karɓar takardu. Akwai kuma hanyar ARIPO, ƙungiyar da aka kafa a Lusaka a 1976 mai hedikwata a Harare, takarda ɗaya ka zaɓi ƙasashen da kake so a cikin mambobi. Sai dai maƙwabtanmu uku, Togo da Burkina da Kwaddibuwa, har da Nijar, duk suna wata ƙungiyar daban, OAPI ta Yawunde, Najeriya kuma ba ta cikin ko ɗaya. Ka ga ɗan kasuwar da kayansa ke bin Kumasi, Lome, Yamai, Kano, ofis uku ke gabansa.

Shekara 20 da ake ji yanzu daga yarjejeniyar TRIPS ta ƙungiyar ciniki ta duniya ta fito, 1995, kuma nan ne abin ya taɓa rai don an tilasta fatent a kan magani. Kamfanoni 39 suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu kotu kan maganin ƙanjamau, duniya ta yi musu ca suka janye a 2001, shekarar da kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin maganin shekara guda a dala 350 alhali a Turai da Amurka ana maganar sama da dala 10,000. Sanarwar Doha ta shekarar ta tabbatar gwamnati na iya tsallake mai fatent don lafiyar jama'a, Gana ma ta yi amfani da wannan damar a 2005 ta shigo da masu araha daga Indiya. Sai labarin dogon yaro, da ofishin fatent na Turai ya ba wani kamfanin Amurka takarda a 1994 kan maganin cutar shuka daga man 'ya'yansa, Indiyawa suka kawo hujjar cewa sun daɗe suna yi, aka soke a 2000. Abin da ya ci musu shari'a hujja ce, ba "kowa ya sani" ba.

To ina rumbun? Duk bayanan nan da ake tilasta wa mutane su rubuta ana buga su, yawanci wata 18 bayan shigarwa. Da sai ka je laburare a Turai, amma tun 1998 Espacenet, rumbun ofishin fatent na Turai, ke kan intanet kyauta, takardu sama da miliyan 100, Google Patents ya zo a 2006, ga kuma Patentscope na WIPO. Waya da data sun isa. Kuma tunda mafi yawan waɗannan takardu ko dai sun tsufa, ko an daina biyan kuɗin shekara sun mutu, ko tun farko ba a taɓa shigar da su don Gana ba, maƙeri na iya karantawa ya duba zane ya ƙera ya sayar a nan halal ɗinsa. Ni a ganina wannan ya fi wa Suame amfani nesa ba kusa ba a kan neman takardar da kuɗin lauyanta kaɗai zai cinye jari.

Yadda ake nema, kar ka rubuta sunan da kasuwa ta san abin da shi, lauyoyin da ke rubuta takardun nan ba sa kiran abu da sunansa, rubuta aikin da yake yi da Turanci, niƙa, ɓarewa, busarwa, tacewa, ka canza kalma ka sake. In ka samu ɗaya da ta yi kusa da naka, nemi lambar rukuninta. Tun yarjejeniyar 1971 aka kasa duk fasaha gida takwas, A zuwa H, kowane gida da ɗakunansa: B02 niƙa da daka, A23G kayan koko da cakulan, A61K haɗin magani, F24B murhun itace da gawayi. Neman da lamba ya fi na kalma don yana kamo har na Sin da Japan da Jamus, injin fassara kuma yana wurin. A rumbun, shafin kowace takarda yakan jero tsofaffin da ta dogara da su da sababbin da suka ambace ta, bi su gaba da baya.

Haruffa biyun farkon lamba ƙasa ce, US, CN, EP na Turai, WO na PCT, AP na ARIPO, OA na OAPI. Harafin ƙarshe kuma a yawancin ofisoshi A nema ne kawai, B an bayar, mutane da yawa na tsorata da takardar da ba a ma amince da ita ba. Kar dogon bayanin ya ruɗe ka, iyakar haƙƙin tana cikin jerin da'awowi masu lamba 1, 2, 3, yawanci ta farko ce mafi faɗi. Sai ka duba dangin takardar, ƙasashen da aka kai ta, da ko tana raye. Bayanan Gana ba lallai su fito cikakku a manyan rumbunan ba, don haka kafin ka zuba kuɗi da yawa a tambayi ARIPO da ofishin Akra, kuma in fitar da kaya za ka yi, dokar ƙasar da za su sauka ce ke aiki. Suna da tambarin kamfani kuwa wata doka ce daban, ko fatent ya mutu ba ka da ikon liƙa sunansu.

Wanda kuma ya bincika bai ga irin nasa ba, sharuɗɗa uku ne: ya zama sabo a duk duniya ba a Kumasi kawai ba, ya zama ba abin da kowane gwani zai hango da sauƙi ba, kuma ya yi aiki a masana'anta. Ƙananan gyare-gyare irin na Magazin sun fi dacewa da ƙaramar takardar da dokarmu ta tanada, mai gajeren wa'adi, wadda ba ta neman sharaɗi na biyu. Ko wacce za ka nema, shigar da ita kafin ka ɗora bidiyon injin a TikTok ko ka kai shi baje koli, don ofishin Turai bidiyonka na kanka zai ɗauka a matsayin hujjar cewa abin ba sabo ba ne.