Yaya ake adana sassan jiki don koyar da ɗaliban lafiya ba tare da kashe maƙudan kuɗi ba?

Me ya sa hoto a littafi bai isa ba?

Hoto ba ya nuna kaurin bangon zuciya, ba ya nuna yadda jijiya ke kutsawa ƙarƙashin tsoka. Ɗalibin likitanci a Katsina ko na makarantar kiwon lafiya a Daura sai ya riƙe abin a hannunsa, ya juya shi, kafin ya zauna masa a kai. Ga shi kuma a zafin Afrilu nama ba ya kwana lafiya, firiza kuwa sai da wuta.

Da me aka saba adanawa?

Da fomalin, wani ruwan sinadari mai hana nama ruɓewa. Ana zuba kashi 1 nasa cikin kashi 9 na ruwa, a nutsar da gaɓar a kwalba mai murfi. Yana da araha, yana kashe ƙwayoyin cuta. Amma yana sa nama ya yi tauri ya koɗe, yana sa ido hawaye da maƙogwaro ƙaiƙayi. A 2004 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya sinadarinsa cikin masu jawo ciwon daji ga ɗan Adam. A ganina, duk ƙarancin kuɗin makaranta, safar hannu da takunkumi da ɗaki mai iska ba wurin yin tsimi ba ne.

Babu hanyar da ta fi wannan?

Akwai wadda Gunther von Hagens ya ƙirƙiro a Jamus a 1977, inda ake cire ruwan jiki a maye gurbinsa da roba. Tana da kyau ƙwarai, sai dai tana neman injin zuƙe iska, firiza mai tsananin sanyi da silikon (wani nau'in roba) daga waje.

Wadda ta fi dacewa da mu ita ce ta Fawzy Elnady na Jami'ar Alƙahira. Bayan fomalin, sai a jiƙa gaɓar cikin sinadarin asiton ya janye ruwan jikinta, a tsoma ta cikin gilisarin (wani ruwa mai kauri da maiƙo) har ya ratsa ta, a tsane, sannan a turbuɗe ta cikin sitacin masara ya shanye maiƙon. Duk a zafin ɗaki ake yi. Abin da ke fitowa busasshe ne mai laushi: za ka buɗe zuciyar rago da yatsa ka ga ɗakunanta huɗu, ka rufe, ka miƙa wa na kusa da kai. Asiton dai yana kama wuta, a nisanta shi da janareta.

Dole sai gawar mutum?

Ba a kowane darasi ba. Zuciya, ƙoda, ido da huhun rago ko na saniya daga kwata suna koyar da abubuwa da yawa, kuma mahauci zai ware maka su da sassafe in ka yi masa magana tun jiya. Amma ɗalibin likitanci ba makawa sai ya ga jikin mutum, wannan kuwa doka ce ke tsara shi, makarantun da aka ba izini kaɗai ke yi. Hadisi ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, don haka ba a wasa ko ɗaukar hoto a ɗakin da ake koyarwa da gawa.