Waiwaye: Daga Ƙasa zuwa Cikin Ganye, Neman Maganin Tarin Fuka

Duk wanda ya taɓa raka majinyacin tarin fuka asibitin Komfo Anokye a nan Kumasi ya san ƙa'idar: ƙwayoyi kullum har wata 6, da gargaɗin kada a tsorata in fitsari ya koma ja. Ƙwayar da ke rina fitsarin ita ce rifamfisin, kuma asalinta daga ƙasa ne. A 1957 masu bincike a Italiya suka samo halittar da ke yin sinadarinta a cikin ƙasar wani daji na kudancin Faransa. Kafin ita akwai sitireftomaisin, maganin farko da ya iya da wannan cuta, wanda Albert Schatz da Selman Waksman suka samo a Amurka a 1943, shi ma daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa. Tun 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar cutar, amma sai da aka shafe shekara 60 da ɗoriya babu magani.

Daga nan rijiyar ta fara ƙafewa. Ana tona ƙasa ana sake cin karo da sinadaran da aka riga aka sani, ita kuma cutar tana koyon bijire wa magunguna. Sai a 2012 aka amince da bedakwilin, bayan kusan shekara 40 babu sabon nau'in magani.

Wannan ne ya sa wasu masana suka leƙa cikin tsirrai. Akwai funfuna, dangin wadda ke fitowa a jikin tsohon burodi, da ke zaune cikin ganye da saiwa da ɓawo ba tare da ta sa wa tsiron ciwo ba. An san da ita tun ƙarni na 19, amma ba a damu da ita sosai ba sai a 1993, da wasu masana a Montana suka ba da rahoton wata da ke yin taksol, maganin ciwon daji. Har yau ana jayayya kan wancan rahoto, amma ya buɗe ƙofa.

Aikin na masu haƙuri ne. Za a wanke ganye da sinadari a kashe duk abin da ke jikinsa ta waje, a yanyanka, a shimfiɗa kan abincin ƙwayoyin halitta a faranti. Bayan 'yan kwanaki sai fararen zarurruka su ɓullo daga bakin yankan. Su ake renowa a tatsi sinadarinsu. Da haka masana a Tailan suka fitar da fomozanton A da B a 2001 daga funfunar ganyen tik, itacen nan da ake dasawa a yankin Ashanti ana yin turakun lantarki da shi. Sinadaran sun hana ƙwayar tarin fuka girma a ɗakin gwaji, sai dai suna da guba ga ƙwayoyin jiki ma.

Nan gizo ke saƙar, kuma ya kamata masu sayar da sassaƙe a Aboabo da Asawase su ji: kashe cuta a faranti daban, warkar da huhu daban. Har yanzu babu maganin tarin fuka ko ɗaya daga wannan funfuna da ya isa hannun majinyaci.

Gana kuwa na da cibiyoyin da za su iya wannan aiki: cibiyar binciken lafiya ta Noguchi a Legon, cibiyar binciken cututtuka ta KCCR a jami'ar KNUST, da cibiyar binciken magungunan tsirrai ta Mampong-Akuapem. Tana kuma da dalili nata na kanta, domin wani kaso na masu tarin fuka a nan ƙwayar Mycobacterium africanum ce ke kama su, wadda ba a cika samun ta ba sai a Afirka ta Yamma.