Yadda maiƙon jiki ke yanke wa ƙwayoyin garkuwa hukuncin mutuwa

Duk wanda ya taɓa matse maruru ya ga mugunya, amma kaɗan ne suka san cewa mafi yawanta gawarwakin fararen ƙwayoyin jini ne da ake kira niyutrofil, waɗanda suka mutu a bakin daga. Tambayoyin da ke ƙasa irin waɗanda ɗaliban kimiyyar gwaje-gwajen asibiti a nan Sakkwato suke yawan yi ne idan darasi ya zo kan wannan mutuwa.

Me zai sa jiki ya kashe ƙwayoyin da ke kare shi?

Ɓargon babban mutum yana samar da niyutrofil kimanin biliyan 100 a kowace rana, kowannensu kuma ɗauke yake da sinadarai masu narkar da ƙwayoyin cuta, waɗanda za su iya narkar da naman jikin ma idan suka zube. Don haka da zarar yaƙi ya lafa, dole a sallame su, kuma yadda suka mutu shi ne abin lura. Akwai mutuwar fashewa, wadda ke watsa kayan cikin ƙwaya ta ƙara rura kumburi, akwai kuma mutuwa cikin tsari, inda ƙwayar ke ƙanƙancewa ta daddatsa kanta ba tare da fatarta ta yage ba. A 1972 John Kerr da Andrew Wyllie da Alastair Currie suka raɗa wa ta biyun suna afoftosis, daga kalmar Girkanci mai nufin zubar ganye. Manomi zai gane wannan idan ya dubi gawo, wanda ke kaɗe ganyensa da damina alhali lafiyarsa ƙalau.

To, ina maiƙo ya shigo?

Mun saba ɗaukar maiƙo a matsayin ajiyar abinci kawai, amma fatar kowace ƙwayar halitta maiƙo ce ninki biyu, kuma daga jikin wannan fata ƙwayar ke yanko ƙananan gutsattsari ta aika saƙo da su. Biyu daga cikinsu suna zaune kamar tafukan sikelin mahauci. Na farko shi ne seramayid, wanda Lina Obeid da Yusuf Hannun suka nuna a Jami'ar Duke ta Amurka a 1993 cewa yana tura ƙwaya ga afoftosis. Idan ya taru, yana taimakawa wajen huda mitokondiriya, wato ɗakin da ƙwaya ke samar da kuzari, sai sinadarin sitokurom c ya tsiyayo ya tayar da kasfes, su ne almakasan da ke daddatsa ƙwayar daga ciki. Na biyun shi ne sfingosin-1-fosfet, da ake taƙaitawa S1P, wanda Sarah Spiegel da abokan aikinta suka nuna a 1996 cewa yana hana wannan mutuwa. Abin da ya fi burge ni shi ne, daga seramayid ɗin ake samo S1P, a matakai biyu kacal, ta yadda ƙwayar da ta juya seramayid zuwa S1P ta rage kiran mutuwa ta ƙara na rayuwa a lokaci guda.

Wa ke kwashe gawar, kuma ta yaya yake gane ta?

Manyan ƙwayoyi masu haɗiya da ake kira makrofaj ne ke wannan aiki, kuma a nan ma maiƙo ne ɗan aike. Akwai wani mai suna fosfatidilserin da ƙwaya mai rai ke ɓoyewa a ninkin ciki na fatarta, tana kashe kuzari kullum wajen mayar da shi ciki duk lokacin da ya leƙo. Idan kasfes suka tashi, sai su lalata sunadarin da ke mayar da shi, su kuma kunna wani da ke cakuɗa ninkin biyu, sai ya bayyana a waje. Valerie Fadok da abokan aikinta suka nuna a 1992 cewa wannan ce alamar da makrofaj ke gani ya haɗiye ƙwayar tun ba ta fashe ba. Bayan ya haɗiye, sai ya fara fitar da sinadarai masu kwantar da kumburi, wato kwashe gawar ma sanarwa ce cewa yaƙi ya ƙare. Inda wannan shara ta yi rauni, gawarwakin kan ruɓe su fallasa abin da ke cikinsu, kuma ana danganta hakan da cutar lufus, wadda garkuwa ke far wa jikin mai ita. Wannan alama ta shafi masu sikila ma, domin wasu jajayen ƙwayoyin jininsu kan fito da fosfatidilserin waje, abin da ke sa a kwashe su da wuri, su kuma riƙa manne wa bangon jijiyar jini.

Ƙwayoyin cuta na iya murɗe wannan tsari?

Suna iyawa, kuma ƙwayar tarin fuka, wato tibi, ita ce misali mafi kusa da mu. Tana zama a cikin makrofaj, kuma binciken da aka yi a kan ɓeraye ya nuna cewa nau'inta mai ƙarfi yana sa makrofaj ya ƙara wani maiƙo mai suna lifoksin A4, ya rage furostagilandin E2 wanda ke taimaka masa ɗinke fatarsa. Sai ya mutu ta hanyar fashewa, ƙwayoyin cutar su fice su kama na kusa, maimakon a haɗiye su a ƙunshe cikin gawarsa.

Cin kitse ko man shanu yana ƙara waɗannan saƙonni?

Ba kai tsaye ba, domin ƙwaya ce ke ƙera su da kanta, kaɗan-kaɗan, a daidai wurin da take buƙata. Abin da aka tabbatar shi ne, daga omega-3 irin na man kifi jiki ke ƙera rizolbin, masu taimaka wa makrofaj wajen kwashe matattun niyutrofil.

Akwai maganin da muka sani da ke aiki ta wannan hanya?

Akwai, kuma yana cikin kusan kowane kemis. Kotisol, sinadarin da jiki ke ƙerawa daga kolestarol, shi ma dangin maiƙo ne, kuma deksametason da furedinisolon kwaikwayonsa ne. Suna tura wasu nau'o'in fararen ƙwayoyin jini, wato limfosayit da iyosinofil, ga afoftosis, shi ya sa suke cikin magungunan sankarar jini ta yara, suke kuma kwantar da asma idan ta tashi da hunturu. Wannan ƙarfi nasu ne ke tayar mini da hankali idan na ga yarinya ta miƙa kuɗi a kanti ta karɓi deksametason ba takardar likita, domin ta yi ƙiba kafin biki, abin da ake kira sha ka fashe. Kumatun za su ciko, amma a ciki limfosayit ɗinta na raguwa, kuma tibin da ya daɗe kwance a huhu na iya farkawa. Wadda ta riga ta yi makonni tana sha kada ta daina rana ɗaya, domin jikinta ya rage ƙera nasa kotisol. Sai ta je asibiti likita ya rage mata shi sannu a hankali.