Gwajin Motsin Jarirai da Hasashen Lalurar Galahanga

Gwajin motsin jarirai hanya ce da ƙwararru ke bi su kalli, a bidiyo, yadda jariri ke motsa jikinsa da kansa, babu wanda ya taɓa shi, domin su gane ko ƙwaƙwalwarsa ta sami rauni tun kafin alamomin galahanga su fito fili. Galahanga, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da CP, lalura ce ta motsi da riƙon jiki da ke biyo bayan raunin ƙwaƙwalwa tun a ciki, ko wurin haihuwa, ko a farkon rayuwa. Dabam take da shan inna, kuma ba a ɗaukarta. A da sai yaro ya kai shekara 1 zuwa 2, ya ƙi zama ko ya ƙi tafiya, sannan a faɗi sunan ciwon.

Asali

Heinz Prechtl, masani ɗan ƙasar Ostiriya da ya daɗe yana aiki a Groningen ta ƙasar Holan, shi ya tsara gwajin. Ya lura cewa tun ɗan tayi yana da mako 9 zuwa 10 a ciki yake wani motsi da ke ratsa dukan jiki, kuma ingancin motsin yana lalacewa idan ƙwaƙwalwa ta taɓu. A 1997 shi da abokan aikinsa suka buga sakamakon binciken jarirai 130 a mujallar Lancet, daga nan hanyar ta bazu.

Abin da ake dubawa

Daga haihuwa zuwa wajen mako 6 ko 9, jariri mai lafiya yana miƙa da lanƙwasa a hankali, motsin ya taso daga hannu ya bi gangar jiki ya sauka ƙafa, yana ƙaruwa yana raguwa. Abin tsoro a wannan lokaci shi ne a ga hannuwa da ƙafafu suna ƙanƙamewa lokaci guda, su kuma saki lokaci guda. Idan hakan ya ɗore makonni, yakan nuna galahanga mai sandarar da gaɓoɓi.

Sai lokaci na biyu, wanda ya fi muhimmanci, daga mako 9 zuwa 20. A nan ne ake ganin wani ɗan mutsu-mutsu a wuya da kafaɗu da wuyan hannu da idon sawu, ƙanana, kowane gefe, ba tsayawa muddin yaro yana farke cikin nishaɗi. Kowace uwa ta sha ganinsa, ba ta dai ɗauke shi a bakin komai ba. Rashinsa shi ne alama mafi ƙarfi da aka sani a wannan shekarun. Bayan wata 5 yakan ɓace da kansa, yaro ya koma miƙa hannu ya kamo abin da yake so, damar gwajin kuma ta wuce. Ga bakwaini, ana fara lissafin makonnin ne daga ranar da ya kamata a haife shi.

Shin zai yi tafiya?

Wannan ce tambayar iyaye. Tun 1997 likitoci ke amfani da ma'aunin GMFCS na Jami'ar McMaster ta Kanada, mai mataki 5: na 1 yana tafiya yadda yake so, na 3 sai da sanda ko abin dafawa, na 5 sai an tura shi a keke. Don a hango matakin tun da wuri, ana ba bidiyon jariri maki daga 5 zuwa 28, a haɗa da yadda yake kai hannu tsakiyar jiki, da ɗaga ƙafafu, da yadda yake ajiye kai. A wani bincike na 2019 da Christa Einspieler ta jagoranta kan yara 468 masu galahanga, kashi 95 cikin 100 ba su yi mutsu-mutsun ba suna jarirai. Waɗanda makinsu ya haura 14 galibi sun faɗa mataki na 1 ko na 2, waɗanda suka ƙare a mataki na 4 ko na 5 kuwa da wuya makinsu ya wuce 8. Idan yatsu da wuyan hannu na gefe ɗaya sun fi na ɗayan motsi, sau da yawa lalurar ta ɓari guda ce.

Hasashe ne dai. Shi ya sa ƙa'idar da masana suka fitar a 2017 ta ce a haɗa shi da hoton ƙwaƙwalwa na MRI da gwajin jijiyoyi na Hammersmith.

A Legas

A Nijeriya, manyan sanadin galahanga su ne jariri ya wahala wurin haihuwa har ya jinkirta kuka, da shawara mai tsanani, da cututtuka irin su sanƙarau. Kafur da ake cusawa cikin kayan jarirai ma yana tayar da shawara ga masu ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD. Duk jaririn da ya sha ɗaya daga cikin waɗannan, ko aka sa shi a kwalba, ya cancanci a duba motsinsa.

Matsalar mazauna Agege da Idi-Araba da Mile 12 ita ce lokaci. Mai jego kan tafi gida Arewa wanka, a yi arba'in, a ƙara hutu, kafin ta dawo ranar komawa asibiti ta shuɗe. Rigakafin mako 10 da na mako 14 sun faɗo daidai cikin lokacin mutsu-mutsu, kuma ya kamata a riƙa cin moriyarsu.

Ɗaukar bidiyon bai fi ƙarfin wayar hannu ba. A shimfiɗa zane a kan tabarma, a kwantar da yaro rigingine daga shi sai kunzugu, ba abin tsotso a baki, ba abin wasa, a kuma hana yayyensa kiran sunansa. A riƙe wayar daga sama yadda kai da tafin ƙafa za su fito, na minti 3 zuwa 5. In ya fara kuka, a bari sai ya huce. Fassara bidiyon aikin wanda ya sami horo ne, don haka a kai shi wurin likitan yara ko na gashin ƙashi. Idan aka ga alama, ana fara atisayen motsa jiki nan take, tun ƙwaƙwalwa tana ɗanya, ba a jira sai yaro ya shekara.