Za mu je Cape Coast da abokai, me za mu gani? Tambayoyi da amsoshi

Wasu samari da ke shirin haɗa kuɗi su je bakin teku a Gana bayan sallah suka turo tambayoyi, to ga amsoshin nan a haɗe don kowa ya amfana.

Yaya, wai ina ne Cape Coast ɗin kuma ta ina ake zuwa?

Yamma da Akra take, wajen kilomita 150, garin Fante ne, masu garin suna ce masa Oguaa. Shi ne hedikwatar Turawan Ingila a ƙasar har 1877 da suka koma Akra. Ku je tashar Kaneshie a Akra ku hau mota, hanyar ta bi ta Kasoa da mararrabar Winneba da Mankessim, awa uku ne in Allah ya taimake ku da gosulon Kasoa, in kuwa bai sake ku ba sai dai haƙuri. Ku fita da asuba kawai. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, amma ku riƙe fasfo da katin rigakafin shawara.

Mun ji akwai giwaye a dajin Kakum, za mu gan su?

Gaskiya ku cire rai tun daga gida. Giwayen suna nan, irin ƙananan nan na kurmi, akwai birai kala-kala da gada da tsuntsaye sama da iri 250 da malam-buɗe-littafi ba iyaka, amma Kakum ba Yankari ba ne da za ka zauna a mota ka hango garke a fili. Kurmi ne mai duhu, murabba'in kilomita 375, bishiya ta rufe bishiya, dabba na jin hayaniyarku tun kuna hawan tudu ta yi gaba abinta, ga 'yan makaranta bas-bas suna ihu a kan gadar sama ta dajin, to wace giwa ce za ta tsaya jiran selfi?

Abin da ake zuwa dominsa shi ne gadar sama da aka buɗe a 1995. Gada bakwai ce aka ɗaura da igiyoyi daga wannan bishiya zuwa waccan, tsawonsu duka wajen mita 350, a wani wurin tsakaninka da ƙasa ya kai mita 40. Faɗin abin takawa katako ɗaya ne tak, raga ta tare ka dama da hagu har wajen ƙirji, kana ɗora ƙafa sai ta fara lilo tana ƙara ƙiii-ƙiii, in na bayanka ya taka kai ma sai ka ji a cikinka. A nan ake gane waye jarumin baki a cikin abokai, wanda ya cika mota da surutu tun daga Akra shi za ka ji yana ta Inna lillahi ya damƙe igiya hannu biyu. Wanda ya ji ba zai iya ba akwai gajeriyar hanya bayan gadar farko, ba abin kunya ba ne.

In da gaske dabba kuke so, ku kasance 'yan farko da za su shiga da safe, ku yi shiru, ko ku kwana a ɗakin kan bishiya da ke cikin dajin ku fita yawon dare da ma'aikaci. Daga gari zuwa can wajen kilomita 30 ne. Kuma kuɗin shiga na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, kar ku tsaya musu a bakin ƙofa.

To ba wata dabba da za mu gani ido da ido kenan?

Kada. A kan hanyar Kakum akwai Hans Cottage, wajen cin abinci ne da aka gina a kan tafki, kadoji na kwance a bakin ruwa baki buɗe, marai sun cika bishiyoyi da sheƙa. Wasu har taɓa kadan suke yi a ɗauke su hoto, ni dai ban ga dalili ba.

Tsofaffin gidajen nan da Turawa suka tsare bayi fa, sun cancanci a ɓata lokaci?

Ba ɓata lokaci ba ne ɗan'uwa, su ne ma tafiyar. Na garin Elmina, wajen kilomita 12 daga Cape Coast, 'yan Fotugal suka gina a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. Na Cape Coast kuwa 'yan Suwidin suka fara a 1653 kafin ya faɗa hannun Ingila, shi ne wanda Obama ya ziyarta a 2009. Ɗan jagora zai sauka da ku kurkukun maza a ƙarƙashin ƙasa, ya kashe fitila ku tsaya a duhu, haske sai ta 'yar taga can sama, wari na danshi, sannan ya gaya muku coci aka yi a saman wannan ɗakin, ana ibada a sama mutane na mutuwa a ƙasa. Daga nan sai ƙofar da in aka fita da mutum ba ya dawowa, kuna fita ta cikinta sai ga masunta zaune suna ɗinkin koma, yara na ƙwallo a yashi.

Kuma kar ku ɗauka labarin wasu ne can. Da yawa daga cikin waɗanda aka tsare a nan daga arewa aka gangaro da su, ta kasuwar Salaga inda fataken Hausawa ke zuwa sayen goro, aka yada zango da su a Assin Manso a kan hanyar Kumasi, wankansu na ƙarshe a rafin garin. Don Allah a rage wasa da dariya a ciki, za ku tarar da baƙaƙen Amurka suna kuka a wurin.

Za mu iya wanka a teku?

Ku yi hankali sosai. Ruwan gaɓar nan yana ja ta ƙasa, wanda ya iya iyo a kogi ko kududdufi bai iya wannan ba. Ku tsaya iya gwiwa, ku tambayi 'yan gari inda ake shiga.

Wane abu ne mutane ke wucewa ba su gani ba?

Safiyar Elmina. Yawanci a rana ɗaya ake cusa komai, Kakum da safe, gidan bayi da rana, a koma Akra da dare a gajiye, an ga gini an ga bishiya ba a ga gari ba. Ku kwana, bayan sallar asuba ku tsaya kan gadar da ke bakin tafkin Benya ku ga kwale-kwale na shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne an yi masa fenti da tutoci da ayar Baibul ko tambarin Chelsea, mata da manyan kwanoni a ka suna ciniki da ƙarfi kamar za a yi dambe, hayaƙin bandar kifi ya tashi ta bayan gidaje. Sai ku hau tudun Fort St Jago, tsohon sansanin sojan Turawa, ku hango duka daga sama. Amma ban da ranar Talata, masunta ba sa shiga teku ranar, al'adarsu ce. Kuma ku nemi izini kafin ɗaukar hoto, matan kasuwar kifi ba sa son a ɗora musu waya a fuska, za ku sha faɗa da Fantanci.

Abinci da sallah fa?

Ba matsala. Ku nufi wajen kasuwar Kotokuraba, akwai zango da masallaci, za ku ji Hausa irin ta Gana, da safe koko da ƙosai, da rana waakye, wato shinkafa da wake irin na Gana. Ku ɗanɗana dokunun Fante da ake naɗewa a ganyen ayaba, da soyayyen kifi da shito (miyar barkonon Gana), a garin Yamoransa za ku gan shi jibge a bakin titi. A gidan abincin da ba na Musulmi ba ku tsaya kan kifi, don naman daji da alade na shiga tukunya.

Yaushe ya fi?

Mayu da Yuni ruwa ake sheƙawa, tudun Kakum na santsi. Mai son biki ya zo Talatar farko ta Yuli don Bakatue a Elmina, ko Asabar ɗin farko ta Satumba don Fetu Afahye a Cape Coast, sai dai ku kama ɗaki da wuri don otal na cika lokacin, kuɗin ma ya hau.