Mene ne "harshen koyarwa"? Abin da na gani lokacin TP a ƙauye

Tun da Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar a watan Nuwamban 2025 cewa Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga ajin farko har jami'a, kalmar ta shiga bakin mutane a rediyo da majalisun hira. Sai dai na lura da yawa suna cakuɗa ta da wani abu daban. Za ka ji mutum ya ce, "To, da can ba a koyar da Turanci ne?" Ana koyarwa mana, ba a taɓa cire shi ba. Maganar ba a nan take ba.

Harshen koyarwa shi ne harshen da malami yake bi ta cikinsa ya isar da darasi, ko wane iri ne: lissafi, kimiyya, zamantakewa, aikin gona. Koyar da Turanci kuwa darasi guda ne a jadawali, yana da lokacinsa, a buga ƙararrawa ya wuce. A wannan, Turanci shi ne kayan da aka ɗauko. A wancan, shi ne amalanken da aka lafta wa dukan kayan. Idan ƙafar amalanke ta karye, ba buhu ɗaya ne zai tsaya a hanya ba.

Mu mun san wannan bambanci tun kafin zuwan boko. A zauren malam, littafi da Larabci yake, ɗalibi ya ja baƙi, malam ya warware masa da Hausa kalma bayan kalma. Larabci harshen littafi ne, Hausa ce harshen koyarwa, kuma da haka aka fitar da alƙalai da limamai. Ko makarantar boko da Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909, da Hausa aka fara karatu a cikinta.

Ni dai ban gane nauyin kalmar ba sai da na fita TP, wato gwajin koyarwar da ake tura ɗaliban NCE, masu karatun malanta a kwaleji, su yi a makarantu kafin su kammala. An kai ni wata firamare a ƙauyen Jigawa, inda gonakin gero da riɗi suke farawa daga bayan aji. Hedimasta ya ba ni aji 4. Wanda ya san manufar ilimi ta ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977 aka yi ta sabunta ta, ya san kafin sanarwar 2025 aji 4 shi ne mararraba. Tsarin ya ce daga aji 1 zuwa 3 a koyar da harshen da ake yi a yankin, Turanci ya zama darasi kawai, daga aji 4 kuma a fara juyawa zuwa Turanci sannu a hankali. Ashe a kan gaɓar aka ajiye ni.

Darasina na farko a kimiyya a kan yadda ruwa yake zama tururi ya bi iska ne. Na kwana ina tsara shi da Turanci, kamar yadda aka koya mana. Na rubuta ma'anar a allo, na karanta, suka maimaita da ƙarfi har sau uku. Na tambaye su da Turanci ko sun gane, aji ya ɗauka gaba ɗaya, "Yes sa!" Na ce wani ya ba ni misali. Shiru. Yara sun haura 70, waɗansu a benci, yawanci a ƙasa, kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin littafi.

Sai na ajiye alli na ce da Hausa, "Idan innarku ta shanya wanki da safe, ina ruwan jikin kayan yake tafiya kafin azahar?" Hannuwa suka tashi. Wata yarinya a bakin taga ta ce, "Malam, rana ce take shanye shi." Wani ya ce ai kududdufin bayan gari ma haka yake ƙafewa da rani, ba wai shanu kaɗai ne suke shanye shi ba. Wani ya kawo maganar murfin tukunya da yake jiƙewa idan ana dafa ruwan tuwo, ya kai mu darasin gaba tun ban shirya shi ba. Yaran nan ne dai da suka yi shiru ɗazu. Ilimin yana cikinsu, ƙofar da na ƙwanƙwasa ce ba tasu ba.

Haka na sake gani a lissafi. Yaron da yake taya babansa awo ranar kasuwa, ya san rabin tiya, ya san canjin kowa ba kuskure, shi ne ya kasa gane ɗaya bisa biyu da na rubuta a allo ina kiransa da Turanci. Kuma Hausa ba ta rasa sunayen ba: rabi, sulusi, rubu'i, sudusi, sumuni, duk malaman rabon gado suna aiki da su kullum.

Wata tsohuwar malama da ta daɗe a makarantar ta ja ni gefe ta ce, "Ɗana, a allo ka rubuta musu Turanci, don da shi za a tambaye su. Amma bakinka ya yi musu Hausa." Abin da na tarar ke nan a kusan kowane aji. Don haka idan aka tambaye ni harshen koyarwa a irin wannan makaranta, sai in ce wanne daga ciki? Akwai na takardar gwamnati, akwai na allo da jarrabawa, akwai kuma wanda yaro yake fahimta da shi. A ƙauye ukun nan ba safai suke zama ɗaya ba.

Ranar da malamin da yake duba mu ya zo daga kwaleji, na yi darasin gaba ɗaya da Turanci, domin a kan haka ake ba da maki. Na samu maki mai kyau. Washegari na sake darasin da Hausa, don na san ba abin da ya shiga. Wannan ya dame ni ƙwarai, har yau ma yana damuna: ana auna ɗalibin malanta da abin da ya faɗa, ba da abin da yara suka ɗauka ba.

Masu goyon bayan Turanci suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Jarrabawar shiga sakandare da Turanci ake yin ta, haka WAEC da NECO da JAMB. Littattafan kimiyya da lissafi na Hausa ba su isa ajujuwa ba. A watan Nuwamban 2022 majalisar zartarwa ta tarayya, lokacin Malam Adamu Adamu yana minista, ta amince a koyar da harshen uwa har shekara 6 na firamare, amma shi kansa ya ce sai an tanadi littattafai da malamai kafin abin ya zauna. A makarantar da na yi TP ban ga ko ɗaya ba. Uba kuma da ya ce yana son ɗansa ya ji Turanci don ya yi gogayya da 'ya'yan birni, gaskiyarsa ce.

Sai dai koyarwa da Turanci ba ita ce take koya wa yaro Turanci ba, idan bai da tushe. An gwada wannan a ƙasar nan. Daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara dukan darussa da Yarbanci tsawon shekara 6, aka ba Turanci kulawa ta musamman a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, sun kuma yi fice a sauran darussa. Abin da nake so wa yaran ajina ke nan: su fahimta da Hausa, a kuma koya musu Turanci da gaske, kullum, a hannun wanda ya iya.

Akwai kuma wani abu da ya hana ni cewa Hausa ta gama magana. Harshen yanki daban, harshen uwa daban. A ajina akwai yara biyu daga rugar Fulani, kuma a gabashin Jigawa akwai masu tashi da Manganci ko Badanci a gida. Ƙaramin cikin Fulanin nan ya yi makonni bai ce uffan ba, da Turanci ko da Hausa. Ranar da muke maganar sassan jikin dabba, na ce masa ya faɗa mana yadda ake kiran saniya a gidansu. Ya ce, "Nagge." Na rubuta a allo kusa da ta Hausa da ta Turanci, aji ya maimaita. Da aka tashi, na same shi tsaye gaban allo yana kwafe kalmomin uku a bayan littafinsa.